Raba gida da na'a-na'a: kundin aikin wata uku a wani gida cikin Katsina

7 ga Disamba, 2024

Gidan yana cikin gari, ta wajen Ƙofar Marusa, mutum 11 ke kwana cikinsa. Mai lalurar, wato alajin na'a-na'a da ke tayar wa jiki ciwo in ya haɗu da ita, saurayi ne ɗan shekara 17, kilo 54, yana da asma tun yana ƙarami. Sau biyu na'a-na'a tana kwantar da shi a asibiti: na farko bayan kofin shayi mai ganyen, na biyu bayan ya tsotsi alewar nan mai sanyaya maƙoshi. Duka biyun, kafin rubu'in awa jiki ya yi rudu-rudu da borin jini, leɓe ya kumbura, murya ta dishe, ƙirji ya soma fito. Likitan da ya sallame shi ya rubuta layi ɗaya a kati: ya guji na'a-na'a da mentol, wato sinadarin cikinta mai sanyaya baki. Aikin da muka ɗauka, mai haɗa magani da ma'aikaciyar jinya da mai kula da haƙori, shi ne a warware layin nan ɗaki-ɗaki, kaya-kaya, har gidan ya iya tafiya a kansa ba sai muna nan ba.

Kafin a taɓa kaya sai da aka daidaita kalma. A bakin mutanenmu "minti" kowace alewa ce mai tauri a leda, ta madara ce ko ta lemo. Ka ce wa mai shago "ba ya shan minti", sai ya ɗauka ciwon suga ne, ya miƙo cingam a madadi. In kuma ka ce na'a-na'a kawai, ganyen shayi yake hangowa, makilin da mantaleta ba sa zuwa ransa. Don haka aka tsayar da magana ɗaya da kowa a gidan zai riƙa faɗa: "duk abin da ke sanyaya baki ko fata, ko yake ƙamshin Robb ko Tom Tom." Ba ta kama komai ba, amma autan gidan ɗan shekara 6 ya gane ta nan take.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da duk abin da ake sha, ake shafawa, ake shaƙa ko ake sa wa a baki: na gaban madubi, na cikin jakunkunan mata, na banɗaki, na kicin, har na aljihun gaban mota. Kaya 63. An kasa su uku. Guda 19 takardarsu ta faɗi na'a-na'a ko mentol ƙarara, sun bar gidan yau. Guda 17 an karanta su tas, babu komai. Sauran 27 ko dai ba su da takarda, ko sun rubuta "Flavour", "Aroma" ko "Parfum" sun yi shiru. Su aka zuba a kwali aka naɗe da salatif, aka ɗora saman durowar maigidan. Nan aikin yake.

10 ga Disamba

An jingine kwalin. Gida ko an share shi ƙal, yaron zai fita makaranta da masallaci da majalisa, saboda haka allurar ceto ita ce gaba da komai.

Allurar adirenalin mai kamar biro da ke harba 0.3 mg da kanta, irin su EpiPen, ba mu same ta ba a shagunan maganin da muka zagaya. Likitansa ya rubuta ta kwalba: adirenalin 1 mg cikin 1 ml, wadda ake rubuta wa 1:1000. Wanda ya haura shekara 12 rabin kwalba ake yi masa, 0.5 ml, a tsokar cinya, tsakiyarta ta gefen waje. In minti 5 suka wuce bai sassauta ba, a sake wani 0.5 ml a ɗaya cinyar. Cikin akwatin akwai kwalba 3, sirinji mai 1 ml guda 4, allura mai shuɗin gindi 23G mai tsawon 25 mm, auduga, da takarda mai manyan baƙi da likitan ya sa wa hannu. Akwati biyu aka haɗa, ɗaya a gida, ɗaya a jakarsa.

Mutum uku aka koya wa: mahaifinsa, yayarsa, da shi kansa. An yi gwaji da ruwa a jikin lemon zaƙi, kowa sau goma, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kurakuran da suka fito su ne waɗanda aka saba gani. Maigidan sau biyu yana zuƙe kwalbar gaba ɗaya, wato ninki biyu na abin da aka rubuta. Da aka ba shi sirinji mai 5 ml ya kasa ganin layin rabi, shi ya sa muka nace a kan mai 1 ml. Yayar kuwa hannunta sai ya nufi ɗuwawu, don nan ta saba ganin ana allura. Wurin yana da kitse, maganin yana jinkirin shiga jini, kuma a wannan ciwo jinkirin shi ne abin tsoro. Wannan allura ba ta jijiya ba ce ko kusa. An ja wa wannan layi biyu a takardar.

Yaushe za a yi ta? In murya ta sauya, ko harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya ɗebe shi. Ɗaya daga ciki ya isa, ba a jiran borin jini ya fito, don wani lokaci ba ya fitowa. A kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafu. In numfashi ne ya matsa, ya zauna ƙafafu a miƙe. Kada a miƙar da shi tsaye a ce ya taka zuwa mota, ƙarfin gudun jininsa ya yi ƙasa, tsayuwar za ta iya sumar da shi. A ɗauke shi. Ko ya ware sarai sai an je asibiti an zauna awa 6 zuwa 12, saboda ciwon yakan dawo bayan ya lafa.

Abin da muka fi jan kunne a kai shi ne al'adar rugawa kemis a yi allurar hydrocortisone da Piriton. Piriton ƙaiƙayi yake kwantarwa, hydrocortisone kuma sai ya ɗauki awanni kafin ya fara aiki. Babu wanda ke buɗe maƙogwaron da ke rufewa. Abin shaƙar asmarsa ma bayan adirenalin yake zuwa. In ƙaiƙayin leɓe ne kawai ko 'yan ƙuraje, numfashi lafiya, murya lafiya, sai ya sha maganin ƙaiƙayi cetirizine 10 mg, wani ya zauna kusa da shi da akwatin a buɗe.

15 ga Disamba

Karatun takardu. An sayo gilashin ƙara girman rubutu, don wasu kamfanonin kamar da gayya suke rubuta kayan haɗi da baƙin da ƙuda ma sai ya sa tabarau.

Na'a-na'ar da ke shiga kayan kanti iri uku ce. "Mentha piperita" ita ce mai yaji, mentol ya kai kashi 30 zuwa 55 cikin ɗari na manta. "Mentha arvensis" daga gare ta ake tatso yawancin mentol na ganye. "Mentha spicata", wadda wasu takardun ke kira "Mentha viridis" ko "Spearmint", mentol ɗinta kaɗan ne ƙwarai, fiye da rabin manta wani sinadari ne mai suna "Carvone". Wannan bambanci yana da amfani: abu zai iya zama babu mentol amma cike da na'a-na'a, kuma ba zai sanyaya baki sosai ba balle ya tona kansa. Ƙa'idar da aka rubuta a bangon kicin ita ce duk kalmar da ke da "menth" ko "mint" a cikinta, gaba ko tsakiya, an hana. Ta kama "Levomenthol", "Menthyl lactate", "Peppermint" da sauransu. "Carvone" kaɗai ya kuɓuce mata, an rubuta shi daban.

Wani ya kawo shawarar a nemi mai mentol ɗin masana'anta, tunda ba daga ganye yake ba. Ba ta karɓu ba. Sinadarin ɗaya ne, jiki ba ya tambayar inda aka haife shi. Gaskiya ne alajin gaggawa galibi furotin ɗin tsiro ke tayar da shi, mentol da carvone kuma sun fi jawo na jinkiri, wanda ke fitowa bayan kwana 1 zuwa 3 da tsagewar leɓe, ja a gefen baki da raɗaɗin dasashi. Sai dai yaron nan alewa ma ta kayar da shi, ba ganye kaɗai ba, don haka ba mu da hurumin raba masa su.

Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista, ba ta cewa komai game da na'a-na'a. Kayan da aka yi don kasuwar Turai sun ɗan fi bayani: a 2023 Tarayyar Turai ta faɗaɗa jerin kayan ƙamshin da dole a ambaci sunansu a jikin man shafawa da makilin, mentol da carvone da man na'a-na'a suka shiga, amma an ba kamfanoni wa'adi zuwa ƙarshen Yulin 2026 ga sababbin kaya, 2028 ga waɗanda ke kan kanta. Kafin nan kalmar "Aroma" tana iya ɓoye komai. In aka ga "Limonene" a bayanta a jikin makilin, alama ce ta man na'a-na'a ko na ɓawon lemo, ba a san wanne ba sai an tambaya.

An tura wa kamfanoni 8 saƙo ta imel da tambaya ɗaya, da hoton lambar rukunin kayan da ƙasar da aka yi shi: shin a cikin ƙamshin wannan akwai mentol, carvone ko man kowace Mentha? In ka tambaya "yana da lafiya ga mai alaji?" amsar talla za ka samu.

21 ga Disamba

Hunturu ya kankama, an rufe tagogi, kuma kwana uku a jere yaron yana tashi da tari da matsewar ƙirji in ya yi hira a ɗakin kakarsa bayan isha'i. An duba ɗakin ranar farko ba a ga komai ba. Yau aka gano ɗan ƙaramin gwangwanin man zafi ƙulle a haɓar zanenta, ja, girman kwabo, rubutun jikinsa ya goge, an lashe tsakiyarsa har ƙarfen ƙasa ya fito.

"To angon nawa, mi na yi maka za ka raba ni da maganin gwiwata?" in ji Hajiya. "Wanga mai ya girmi ubanka a ɗakin nan."

"Ki yi haƙuri amarya," in ji shi, "in na kwanta asibiti wa zai kawo maki goro?"

An yi dariya, amma ba ta saki gwangwanin ba sai da aka kawo madadi, kuma tana da gaskiya. Mentol yana tashi a iska ko ba a ɗumama shi ba, shi ya sa ɗaki rufaffe ke riƙe shi, mai asma kuma ƙamshin kaɗai kan tayar masa da tari. Man zafin da aka sani, Robb, Aboniki, Mentholatum, Vicks, Deep Heat, duk akwai mentol, haka aka yi su kuma sun rubuta. Tarkon yana wajen madadi. Da aka nemi man diclofenac na gwiwa, kwali uku na farko da aka miƙo duk haɗi ne: diclofenac da methyl salicylate da mentol kashi 5. Sai a na huɗu aka sami diclofenac zalla. Shi take shafawa yanzu bisa shawarar likitanta, da gashin tawul mai ɗumi minti 15 safe da dare. Methyl salicylate da kafur da man itacen turare ba dangin na'a-na'a ba ne, amma da wuya ka gan su ba mentol a gefensu, don haka ƙamshinsu ma gargaɗi ne.

Wankin ɗakin ya ci yini. Mentol ba ya narkewa sosai a ruwa, a mai yake narkewa, ga shi an dama shi da basilin, don haka ɗauraya ba ta fitar da shi. Zanen gado, rigunan filo da zannuwanta an jiƙa su a ruwan zafi da omo awa ɗaya, an wanke sau biyu, an shanya a rana yini biyu. Filon soso ya sha man shekaru, an bayar da shi. Hannun ƙofa, carbi, rediyo da bakin butar alwala an goge su da ruwan sabulun wanke-wanke, an bi da ruwa. Carbin katako ne, har yanzu yana ƙamshi, an sa shi a leda an ba ta na roba.

29 ga Disamba

Kuskure daga wajenmu. An bar shi ya gwada wani makilin yara mai hoton 'ya'yan itace, wanda takardarsa ta ce "Aroma" kawai, bisa zaton ɗanɗanon 'ya'yan itace ba ya haɗuwa da na'a-na'a. Mutum biyu sun shinshina, ba su ji komai ba. Cikin minti 10 leɓen ƙasa ya kumbura, harshe yana ƙaiƙayi. Murya da numfashi ba su taɓu ba. Ya tofar, ya kuskure baki da ruwa mai yawa, ya sha cetirizine, yayarsa ta zauna da akwatin a cinya, aka kira likita a waya. Kumburin ya sauka wajen awa uku.

Masu haɗa makilin kan ɗiga na'a-na'a kaɗan ƙarƙashin ɗanɗanon 'ya'yan itace don baki ya ji wartsakewa, zaƙin kuma yana danne ƙamshin. Hanci ba ma'auni ba ne. Daga yau babu abin da zai fita daga kwalin nan sai da amsar kamfani a rubuce, kuma babu gwaji a gida, ko a leɓe ko a damtse.

11 ga Janairu, 2025

Wata guda ke nan ba makilin, kuma wannan ma matsala ce da ba ta ihu. Buroshi shi ke cire dattin haƙori, makilin kuma fulorayid yake kawowa, wanda ke hana ruɓewa. Na manya yana ɗauke da 1350 zuwa 1500 ppm, wato kashi cikin miliyan. Na yara da yawa ƙasa da haka ne, ko da an sami marar na'a-na'a sai an duba wannan lambar.

Tsarin wucin gadi: sabon buroshi mai laushi, minti 2 safe da dare, da bekin soda rabin cokalin shayi da aka dama da ɗigon ruwa. Bekin soda fa, ba bekin fodar kek ba, an riga an sayo ba daidai ba sau ɗaya. Da rana asuwaki na icce, a yanke bakin da ya baje kullum. Gawayi, toka da kanwa an hana, biyun farko suna kankare fatar haƙori, kanwa tana ƙona dasashi. Asuwakin da ke zuwa a leda shi ma sai an karanta, akwai wanda ake jiƙawa da ɗanɗanon na'a-na'a. Makilin mai hoton asuwaki ko ganye a kwali bai tsira ba, duk waɗanda muka duba akwai mentol ko "Flavour".

Buroshinsa ya bar kofin da na sauran 'yan gida ke tsayawa, don kumfar da ta rage a nasu tana gangarowa gindin kofin. Yana da nasa kofi da murfi a ɗakinsa, da nasa tawul ɗin fuska. Sauran gida sun ci gaba da makilinsu, amma a rariyar bayan gida, a kora da ruwa, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa tulu ko kwano.

An ba wani ɗan'uwa da zai dawo daga Ingila saƙon OraNurse, makilin da ba shi da ɗanɗano ko kaɗan, mai 1450 ppm. In ya zo, gwargwadon ƙwayar wake, a tofar kada a kuskure. Zuwa wajen likitan haƙori kuwa sai an faɗa tun ranar karɓar kati, don man goge haƙori, man kashe zafin dasashi, ƙullun ɗaukar awon haƙora, zaren sakace da ruwan kuskure baki duk an saba yi masu ɗanɗanon na'a-na'a.

19 ga Janairu

Mura ta shiga gidan, ta zama jarrabawar kwabar magani. Abin shaƙa na hanci, alewar tari da yawancin ruwan maganin tari sun faɗi, wasu mentol yana cikin manyan kayan haɗinsu, wasu yana can ƙasa cikin 'yan rakiya. Nan ake yawan tuntuɓe: gaban kwali sunan maganin yake nunawa, ɗanɗanon yana cikin takardar da ke naɗe a ciki, wajen ƙarshenta. Maganin da aka ƙirgo a farar leda ko aka tsiyayo a kwalba ba takarda, ba ya shiga bakinsa.

Farin ruwan maganin olsa da ake kira mis mag, wato magnesium trisilicate, da na'a-na'a ake haɗa shi tun asali, haka Gaviscon yana da mai wannan ɗanɗano. Listerine mentol yana cikin sinadaransa huɗu. Ƙa'idar da ta sauƙaƙa aiki: ƙwayar haɗiya ta fi ta taunawa, ta tsotsa da ta ruwa aminci, don abin da za a haɗiye da ruwa ba a cika wahalar yi masa ɗanɗano ba. Ko ita ma a karanta.

Abin da aka yi masa: ruwan gishiri a hanci, giram 9 cikin lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a sake sabo kullum, kuskuren maƙogwaro da rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi, zuma cokali ɗaya da citta da lemon tsami, paracetamol ƙwaya. Turaren ruwan zafi zalla, ba a jefa komai ciki. Ƙirji da leɓe man kaɗanya ko farin basilin. Man kaɗanyar ma a saya curi daga hannun mai yi, don na roba da ake sayarwa a matsayin man gashi ana zuba masa man na'a-na'a.

28 ga Janairu

An je Kano wajen likitan fata. Yaron ya dakatar da cetirizine mako guda kafin ranar, in ba haka ba gwajin zai fito babu komai alhali akwai. An tafi da ɗanyen ganye uku a leda daban-daban: na'a-na'a, ɗoɗɗoya da tayim, don dukkansu dangi ɗaya ne a tsirrai, kuma uwar gida ta daina sa biyun a miya tun Disamba, abin da ya fi komai jawo ƙorafi a gidan.

Ana soka ɗan tsinken ƙarfe a ganyen, a tsokani fatar hannu da shi, gefe guda a ɗiga ruwan gishiri da histamin, sinadarin da ke sa fata ta kumbura, don kwatance, a karanta bayan minti 15 zuwa 20. Kumburin da ya fi na ruwan gishiri da 3 mm ko fiye shi ake ɗauka. Na'a-na'a ta ba da 7 mm. Ɗoɗɗoya da tayim ba su tashi ba. Wannan albishir ne, amma ba izini ba ne tukuna. Likitan ya ce sai an ba shi ya ci kaɗan-kaɗan a gabansa, da adirenalin a kan tebur. Gwajin da kansa a asibiti kawai ake yin sa saboda wannan dalili.

Gwajin manne, na alajin jinkiri, an ɗaga shi. Ana liƙa sinadaran a baya awa 48, a cire a duba, a sake dubawa a kwana na 3 ko na 4, kuma bayan ba ya son ruwa ko gumi duk tsawon lokacin. Alwala ba ta hana, wanka ne sai da tsumma. Zuwa Kano sau uku cikin mako guda ana tsakiyar zangon karatu bai yiwu ba.

8 ga Fabrairu

Waje. Teburin mai shayi an soke shi gaba ɗaya, ko an ce "kar a sa ganye". Rariya ɗaya ce, cokali ɗaya ne, kofunan a roba ɗaya ake ɗauraye su. Kayan shayi niƙaƙƙu na ƙulli ma haka, ana haɗa su da busasshiyar na'a-na'a, injin da ya niƙa mai ita shi zai niƙa marar ita. Ana sayo su ɗaiɗai da jikinsu a babbar kasuwa, a daka a turmin gida da aka wanke da sabulu: citta cokali 4, kanumfari 1, kirfa 1, masoro rabi. Yana fita da nasa fulas. Zoɓo da kunun aya na sayarwa an bar su saboda ruwan ƙamshin kwalba da ake ɗigawa.

Canji da alewa: masu shagon unguwa uku an yi masu bayani, sun daina miƙa masa. Aski: yana zuwa da kilifarsa da tawul ɗinsa, da sassafe kafin shago ya cika da ƙamshi, kuma ba a shafa masa komai bayan an gama, ya dawo gida ya wanke kai. Majalisar da ake shan shisha ko sigari mai sanyi ya bar ta.

Bikin dangi a Daura ranar Asabar da ta wuce ya ƙara mana shafi. Kayan da ke shigowa ta iyakar Kongolam daga Nijar da Faransanci suke, a nan kalmar "menthe" ce, ƙa'idar "menth" ta kama ta, amma "arôme" yana ɓoye abin da "Aroma" ke ɓoyewa. Akwai kuma koren ruwan zaƙi na kwalba da ake sirkawa da ruwan sanyi, na'a-na'a ce zalla. Tsarabar Makka da Larabci take, an rubuta masa نعناع a bayan katinsa ya riƙa kwatantawa. Katin yana aljihun gaba, Hausa a fuska ɗaya, Turanci a ɗaya don ma'aikatan asibiti, da adadin allurar da lambar wayar mahaifinsa. A wajen bikin abincin goggonsa kawai ya ci, ita ta girka ta zuba masa a kula tun kafin a fara rabo.

22 ga Fabrairu

Sanyi ya janye, azumi saura kamar mako guda. Zafi yana zuwa da nasa kaya: hodar ƙurajen zafi, sabulu da man wanke gashi masu sanyaya jiki, da kalamin, ruwan shafawa na ƙuraje, da ake ƙara wa mentol. An sayi kalamin zalla da farar hoda marar ƙamshi tun yanzu.

Babbar damuwa ajiyar adirenalin. Kwalinta ya ce ƙasa da digiri 25, nesa da haske, kada ta daskare, Katsina kuwa a Afrilu tana haura 40. Ma'aunin zafin da aka sa a akwatin gida ya nuna 29 da la'asar tun yanzu. An mayar da shi cikin kular abinci mai faɗin baki, ba ƙanƙara, an ajiye a gindin randa a ɗakin da rana ba ta bugu. Jiya ya nuna 24. Na jaka shi ne ba mu gamsu da shi ba, an naɗe shi a cikin ƙaramar kula, kuma ba a barin jakar a mota ko a ƙarƙashin kujerar babur. Ranar ɗaya ga kowane wata za a ɗaga kowace kwalba a gaban farar takarda: ruwan ya zama garau kamar na sha, in ya soma ja-ja ko ruwan ƙasa, ko aka ga gari a ciki, a canza ko kwanan watanta bai ƙare ba. Ba a zuƙa a sirinji a ajiye.

Abincin buɗa-baki da maƙwabta ke aikowa za a karɓa da godiya, shi dai ba zai sha ruwa-ruwan ciki ba, kuma ba za a juye su a jug ɗin gida ba. An tambayi malamin unguwa a gaban yaron, don kada ya yi nauyin baki ranar da abin ya zo da rana: ceton rai yana gaba, a yi allurar nan take.

Makilin Ingila ya iso ranar Talata, ya fara amfani da shi a gaban ma'aikaciyar jinya, lafiya lau, ya ce kamar yana goge baki da man shanu. Bututu 3 ne, in ya riƙe ƙwayar wake za su kai shi bayan babbar sallah. Daga kamfanoni 8, uku sun amsa: biyu sun ce akwai, ɗaya ya ce babu a wanda ake yi a wata ƙasa amma bai ce komai ba a kan wanda ke hannunmu, an sake tura masa hoton lambar. Kwalin saman durowa saura kaya 9. Gwajin cin ɗoɗɗoya an sa shi mako na biyu bayan ƙaramar sallah, gwajin manne kuma sai hutun makaranta.